Idan jini ya yanke wa hanji: ƙaba, murɗewar hanji da abin da hoto ke nunawa

Ciwon ciki iri-iri ne. Akwai wanda kwana ɗaya ke kawar da shi, akwai kuma wanda ake ƙirga shi da awa. Wannan bayani a kan na biyun yake, wato lokacin da jini ya daina isa wani yanki na hanji. Mun tattara shi wuri guda saboda tambayoyi biyu da ke yawan dawowa. Ta farko daga ƴan uwa masu ci-rani a Legas, Abijan, Agadas ko Libiya, waɗanda ake bugo wa waya tsakar dare a ce "cikin wane ya ƙulle, an ce sai an yi aiki", su kuma ba su san ko abin zai jira ƙarshen wata ba. Ta biyu ta fi ciwo: an yi wa mutum aiki, an ce an warware hanjin, to me ya sa bayan kwana ɗaya ko biyu jiki ya rikice?

Hanji da jininsa

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin ragon layya ya ga abin da za mu faɗa. Hanji ba a zube yake cikin ciki ba. Akwai wata siririyar fata mai kitse da ke riƙe da shi, in ka ɗaga ta wajen haske za ka ga jijiyoyi sun bazu cikinta kamar reshen itace. Ta nan jini ke shiga hanji, ta nan yake fita. Na mutum ma haka yake. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6, kuma babbar jijiya guda ce ke ciyar da kusan dukansa har da wani sashe na babban hanji. Kayan ciki suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa, bayan cin abinci ma ya fi haka.

Bangon hanji daga ciki yana da ƙananan tsiro masu yawa kamar gashin tawul, su ne ke tsotse abinci. Abin da ya rufe su shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, wadda jiki ke sabuntawa duk bayan kwana 3 zuwa 5. A bayan wannan shimfiɗa jini ne. A gabanta kuwa kashi ne da ƙwayoyin bakteriya. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya ce jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, mafi yawansu cikin babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Ba cuta ba ce, kowa yana da su, suna taimakon narkar da abinci kuma suna hana miyagu samun wurin zama. Amma zaman lafiyarmu da su ya dogara ne ga wannan siririn bango, shi kuma bangon da jini yake rayuwa.

Ta ina jinin ke yankewa

A ƙasashenmu babban dalili shi ne ƙaba, wasu su ce gwaiwa. (Gwaiwa kala biyu ce, akwai ta ruwa da ke taruwa cikin maraina, akwai ta hanji da ke saukowa. Ta hanjin muke nufi.) Wani wuri ne a bangon ciki, a matsematsi ko a cibiya, ya yi rauni, hanji ya samu ƙofa yana leƙowa. Mutum na iya yin shekaru da ita: in ya ɗauki buhu ko ya yi tari ta fito, in ya kwanta ta koma. Shi ya sa ake rena ta, ga kuma kunya, magidanci bai son a ji. Ranar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, taɓa ta ya zama azaba, to ƙofar ta shaƙe hanjin ke nan. Jijiyar da ke fitar da jini ita ke fara toshewa saboda ta fi laushi, hanjin ya kumbura, kumburin ya ƙara matse ƙofar, daga nan mai shigo da jinin ma ta tsaya.

Na biyu murɗewar hanji. Wani lanƙwason hanji ne ke juyawa a kan gindinsa, kamar yadda tiyon ban ruwa ke murɗewa a lambun Jiratawa ruwa ya ɗauke. Ya fi samun ƙarshen babban hanji, ya fi samun maza manya, kuma likitocin fiɗa sun daɗe da sanin cewa a Afirka ya fi yawa bisa ga Turai. Ciki ya kumbura kamar ganga, ba kashi, ba tusa.

Na uku na jarirai ne, kuma a nan muke son uwaye su tsaya. Hanji na iya shigewa cikin ɗan uwansa kamar hannun riga da aka tura ciki. Yawanci yaro ne daga wata 3 zuwa shekara 3, an fi gani kafin ya cika shekara. Yaro mai ƙoshin lafiya sai ya tsala ihu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, can ya yi shiru kamar ba komi, bayan ɗan lokaci ya sake. Sai amai. Daga baya sai kashi mai majina da jini. A nan ake kuskure, a ce atini ne ko haƙora, a sayo sirop a zauna. Jinin nan alama ce bangon hanji ya fara lalacewa.

Yankinmu yana da tarihi da wannan ciwo ta wata hanya da ba kowa ya sani ba. A 1999 Amurka ta janye wata rigakafin zawon rotabairus saboda an ga tana ƙara haɗarin shigewar hanji ga jarirai. Tun daga nan duk sabuwar rigakafin wannan zawo sai an sa ido a kan haka. Lokacin da ƙungiyar likitocin MSF da cibiyarta ta bincike Epicentre, tare da ma'aikatar lafiya, suka gwada rigakafin Rotasiil a gundumar Madarunfa daga 2014, shigewar hanji na cikin abin da aka bi diddigi. Sakamakon da ya fito a 2017, a kan jarirai sama da 3,500, ya nuna ta rage zawo mai tsanani da wajen kashi biyu cikin uku, kuma ba a tabbatar da shigewar hanji ga yaro ko ɗaya ba.

Sauran dalilan a taƙaice. Tsoho mai ciwon zuciya, musamman wanda bugunta ba ya tafiya daidai, gudan jini na iya ɓallewa ya toshe babbar jijiyar nan. Alamarsa ita ce ciwo mai tsananin gaske alhali in an taɓa cikin lallausa ne, kuma ko a ƙasashen da ke da kayan aiki wannan yana kashe kusan rabin waɗanda ya kama ko fiye. Sai kuma wanda ruwan jikinsa ko jininsa ya zube sosai, kamar a kwalarar da ta faɗa wa yankin Madarunfa a damanar 2018, ko zubar jini wajen haihuwa. A irin wannan hali jiki na rage wa hanji jini don ya ceci ƙwaƙwalwa da zuciya, ba tare da wani abu ya toshe ba.

Ɓarnar sau biyu take zuwa

Da jini ya yanke, kan ƙananan tsiron nan ne ke fara mutuwa, tun cikin awa ta farko zuwa ta biyu. Ɓarnar ta yi ta nutsawa daga ciki zuwa waje. Likitoci kan ɗauki awa 6 a matsayin iyakar da bayanta hanjin da jini ya yanke masa gaba ɗaya ke iya mutuwa duk kaurinsa, ya yi baƙi, ya huje. Ba agogo ba ne mai bugawa daidai ga kowa, in matsewar ba ta cika ba akan samu ƙarin lokaci, amma ba wanda zai iya sanin haka daga ɗaki.

Wannan kowa zai gane. Abin da ke da wuyar yarda shi ne dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar. A 1986 wasu masu bincike biyu a Amurka, Parks da Granger, suka nuna haka a jikin kyanwa: hanjin da aka tsayar wa jini awa 3 sannan aka saki na awa 1 ya fi lalacewa bisa ga wanda aka tsayar wa awa 4 cur ba a saki ba. Dalili shi ne, lokacin da hanji ke cikin yunwar iska, wasu sinadarai na taruwa cikinsa. Da jini ya dawo da iskar oksijin, sai su haɗu su haifar da wasu abubuwa masu ƙuna da ke cin bangon ƙwayoyin halitta. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki, su ji ƙararrawa su yi dafifi a wurin, su manne a bangon ƙananan jijiyoyi, su toshe wasu, su zubar da dafin da aka tanada don kashe cuta a kan naman mai shi. Wannan shi ne kumburin da likitoci ke magana, ba kumburin da ido ke gani kaɗai ba.

Mutanen bakin gulbi sun san ruwan farko da ke zuwa daga wajen Jibiya bayan rani: duk dattin da ya taru a busasshen gulbi shi yake kwasowa ya kai gaba. Jinin da ya dawo cikin hanjin da ya daɗe a shaƙe haka yake yi. Yana kwaso guba, da bakteriyar da ta samu ƙofa ta tsagaggen bango, ya bi da su hanta, ya kai huhu da ƙoda. Shi ya sa za ka ga wanda aka yi wa aikin ciki, numfashi ne ya fara gagararsa, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya rufe shi jini ya faɗi. Dangi su ce aikin ne bai yi kyau ba. Sau da yawa aikin ya yi, awoyin da suka wuce kafin a zo su ne ke karɓar bashinsu.

Kar wani ya fahimce mu a karkace. Ba a cewa a bar hanji a shaƙe don tsoron dawowar jini. In ba a saki ba mutuwa ce tabbas. Abin da ake cewa shi ne, gwargwadon daɗewar shaƙewa, gwargwadon dafin da zai biyo bayan saki.

Rawar da bakteriyar hanji ke takawa

Ta yaya aka san bakteriya na da hannu? Akwai ɓeraye, kusa in ji mutanen nan, da ake haifa kuma a rena cikin akwati rufaffe, iskarsu da abincinsu duk an tace, ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a cikinsu. A 2004 masu bincike a birnin Belo Horizonte na Barazil suka ɗaure jijiyar hanjin irin waɗannan ɓeraye da ta ɓeraye na yau da kullum, sannan suka kwance. Na yau da kullum suka yi mummunan kumburi suka mutu. Marasa bakteriyar ba su mutu ba, kumburinsu kaɗan ne. An gano jikinsu na fitar da wani sinadari mai kwantar da sojojin jiki da yawa, kuma da aka toshe aikin sinadarin sai kumburin da mutuwar suka dawo.

To ba shi ke nan ba, sai a wanke hanji a huta? A'a. Mutum ba ɓeran akwati ba ne, ba mai rayuwa ba bakteriya. Kuma binciken da aka yi daga baya a jami'ar Mainz ta Jamus, wanda ya fito a 2020, ya nuna zancen yana da fuska biyu. A ɓerayen da ba su da bakteriya, sojojin jiki ba su cika mannewa a jijiyoyi ba, gaskiya ne. Amma waɗanda suka manne sun fi saurin yin wani abu mai haɗari: su fashe su watsa zaren cikinsu kamar tarun kamun kifi. Wannan taru, wanda aka fara bayyana shi a Balin a 2004, yana kama cuta, amma yana kama jini ma ya daskarar da shi cikin jijiya. Wato bakteriyar hanji na kiran sojoji zuwa fage, kuma ita ce ke koya musu kada su wuce gona da iri.

Nan ma yankinmu ya ba duniya ilimi. Daga 2012 zuwa 2013 an yi gwaji a cibiyoyin lafiya na gundumar Madarunfa a kan yara kimanin 2,400 masu tamowa mai tsanani, wasu aka ba su amoksisilin, wasu ba a ba su ba. Daga baya aka binciki kashin wasu daga cikinsu, sakamakon ya fito a 2023: mako guda na maganin ya ƙara yawan bakteriya masu jure magani a hanji, sai bayan ƴan makonni abin ya lafa. Wannan magani ne da likita ya auna, na kwana 7. Sai ku kwatanta da wanda ke sayen kafso ja da rawaya wurin mai talla duk lokacin da ciki ya motsa. Mu dai a ganinmu wannan ɗabi'a ta fi kowace cutar da mu a wannan fanni, domin ranar da hanji ya huje aka buƙaci maganin gaske, bakteriyar da ta tsallaka cikin jini tana iya zama wadda ta riga ta saba da shi.

Abin da hoto ke gani da wanda ba ya gani

Hoton da masu binciken Jamus suka yi amfani da shi ba irin na asibiti ba ne. Ana sa wa ɓera maganin barci, a fito da siririyar fatar nan mai riƙe hanji a shimfiɗa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, a sa wa jini wani rini mai ƙyalli da ke kama fararen ƙwayoyi. Sai a ɗauki bidiyo dabbar na da rai. Ana ganin sojojin jiki suna gangarawa a bangon jijiya, suna rage gudu, suna tsayawa, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin ɗauri da bayan kwancewa. Wannan na ɗakin bincike ne, ba a yi wa majinyaci.

Na asibiti uku ne. Akwai radiyo, ba irin tamu mai magana ba, hoton ƙashi muke nufi. Yana nuna hanji ya cika da iska da ruwa, yana nuna babban hanjin da ya murɗe ya yi siffar ƙwayar kofi, kuma in hanji ya huje ana ganin iska ta taru a saman ciki ƙarƙashin huhu. Amma a farkon ciwo yana iya fitowa fes alhali hanji na mutuwa. Akwai ekogarafi, irin wanda ake yi wa masu ciki. Ga jariri shi ne gwani: hanjin da ya shige cikin hanji yana fitowa zobe cikin zobe, kuma na'urar na iya nuna ko jini na gudana a wurin. In an zo da wuri, a asibitin da ke da ƙwararru, akan iya warware shi da iska ko ruwan gishiri ta dubura ba tare da wuƙa ba. In an makara sai fiɗa. Na uku sikana, wanda ake yi bayan an sa wa mutum rini ta jijiya. Shi ne ke nuna jijiyar da ta toshe da bangon hanjin da jini bai shiga ba, kuma shi ne duniya ta dogara da shi ga toshewar jijiyar tsofaffi. Sai a manyan asibitocin birni ake samunsa, da tsada.

Ƙabar da ta shaƙe ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin ukun. Ido da hannun ma'aikacin lafiya sun isa. Muna faɗar haka ne saboda ƴan uwa na waje da suka saba da asibitocin da komi sai an yi hoto, su ce a jira a yi sikana tukuna. In likita ya ce a shiga aiki yanzu, jiran hoto ɓata lokaci ne.

Hoto na ƙarshe shi ne idon mai fiɗa. Bayan ya warware hanjin yakan lulluɓe shi da ƙyalle mai ɗumi ya jira mintoci, ya duba ko launinsa ya dawo ja-ja, ko yana motsi, ko jijiyarsa na bugawa. Wanda ya farfaɗo a mayar, wanda ya mutu a yanke a haɗa bakin biyu. A wasu manyan asibitocin duniya ana sa wani koren rini cikin jini a haska da kyamara ta musamman don a ga iyakar inda jini ya tsaya. In akwai shakka akan sake buɗe cikin bayan kwana ɗaya ko biyu a duba, wani lokaci kuma a fito da bakin hanji ta gefen ciki na ɗan lokaci, kashi ya riƙa fita cikin leda har ciki ya warke. Aiki na biyun ba alamar an yi kuskure a na farko ba ce.

Daga gida zuwa asibiti

Alamun da ba a kwana da su: ƙaba ta fito ta ƙi komawa tana ciwo, ciki ya kumbura ba kashi ba tusa, amai kore ko mai warin kashi, jariri mai ihu yana lafawa yana dawowa, balle in an ga jini da majina, tsoho mai ciwon zuciya da ciwon ciki ya kayar da shi farat ɗaya. Wata alama mai yaudara: ciwon ya yi tsanani sai ya lafa, alhali ciki na ƙara kumbura, mutum na ƙara laushi. Wani lokaci hanjin ne ya mutu har ya daina jin zafi.

Kada a ba shi abinci ko fura, domin aiki na son ciki wayam. Kada a ba shi filasko, kanwa ko wani maganin wankin ciki, tura kaya ne a hanyar da ta toshe. Kada a danne ƙabar da ƙarfi, ana iya mayar da mataccen hanji ciki ko a fasa shi. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya a kan kumburin matsematsi, abin da ke ciki hanji ne, ba ƙurji ba. Tramol kuma rufe ciwon yake yi, agogon na ci gaba da tafiya.

A tafi CSI mafi kusa. Majo ba zai yi fiɗa ba, amma zai sa ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ke rage ɓarnar da muka bayyana, ya rubuta takardar tura majinyaci zuwa asibitin gunduma na Madarunfa ko manyan asibitocin Maraɗi. Wasu iyalai na Ɗan Issa sun saba bin hanyar Jibiya zuwa Katsina, amma iyaka ta sha rufewa, kamar a 2019 da 2023, ga kuma halin tsaro da dare, saboda haka a yanke shawarar hanya tun da rana. A riƙe lokacin da ciwon ya fara da duk abin da aka ba shi ya sha, a faɗa wa likita ba ɓoyo. A tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini.

Ku kuma na nesa, in wayar ta zo, tambayoyi uku sun isa: tun yaushe, yana tusa ko kashi, kuma amai wane kala ne. Ku ba da izinin tafiya nan take, kuɗin su same su a hanya. In kuwa akwai baba ko yaya a gida mai ƙabar da har yanzu tana shiga tana fita, aikinta a wannan hali ƙarami ne, ana sa rana a yi shi cikin natsuwa, kwana kaɗan a sallami mutum. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama girbi, domin ana son ya yi makonni bai ɗauki kaya mai nauyi ba kafin aikin gona ya dawo.